Gidan Maami a Hawa na Biyar

Wellawatte, Kolombo
21 ga Janairu

Thambi Nawfer,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ƙanena, kai da Fazeena da 'yarku Rushda. Ni dai da sauƙi, in ban da gwiwar nan da ba ta gajiya da ƙorafi. Ka yi haƙuri da wasiƙa. Ka san kunnena na hagu ya daɗe da ajiye aiki, a waya kuma ba abin da nake tsinta daga bakinka sai "to, Datha, to".

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin mahaifiyarka. Maami, gwaggon tawa, ta samu jama'a. Mutanenmu na Jaffna sun cika mota guda daga Puttalam, an sauke Alƙur'ani, an ci shinkafa mutum shida-shida a tire. Watalappam ɗin da na dafa, kayan zaƙin nan namu na ƙwai da kwakwa, bai kama ƙafar nata ba, kuma ba wanda ya ji nauyin gaya min. Wani baƙo ya tambaye ni ko ni 'yarta ce. Na fara yi masa bayanin cewa kakata da kakarka ɗaki ɗaya suka fito, kafin in kai ƙarshe ya koma kan shinkafarsa.

Akwai abin da na ɓoye maka ranar jana'iza, don na ji kana kuka. Makara ta ƙi shiga lif ɗin benen nan. Aka ce a bi matakala, can ma ta ƙi juyawa a kwana. Ƙarshe dai a cikin tabarma maza shida suka sauko da ita, hawa biyar, suna hutawa a kowane hawa, makarar tana jiranta a ƙasa wajen ajiye motoci. Na bi su har hawa na uku ina cewa a yi hankali da kanta. Sai Hajiani Mazahima, maƙwabciyarmu da ƙofarta ke kallon tamu, ta riƙo hannuna ta ce, "Jezima, koma ciki, yanzu ba ta jin komai." Na sani. Amma shekara tara ina cewa a yi hankali da kanta, baki ya riga ya saba.

Gidan ya yi min girma. Har yau kofi biyu nake zuba shayi da safe, sai in shanye duka don kada a yi asara. Itacen ganyen miyar da ta shuka a baranda ya yi sabon toho. Takardun ƙungiyar masu sassan benen suna ta zuwa da sunanka, ina tara maka su a gwangwanin biskit.

Ka ce min a waya kada in damu da komai. Wannan kam na ji shi sarai, da kunnen dama.

Yayarka,
Jezima

Scarborough, Toronto
15 ga Fabrairu

Datha Jezima,

Wa alaikumus salam, yayata. Muna lafiya, sai sanyi da ciwon bayan da aikin sito ya bar min. Allah ya saka miki da alheri kan abin da kika yi wa Umma. Abin da ɗa ya kamata ya yi ne, ke kika yi shi.

A cikin mota na karanta zancen tabarmar, a bakin wurin aiki, na fi rabin awa ban iya fita ba. Datha, ba ni na zaɓi hawa na biyar ba. Tun ranar da na karɓi fasfon Kanada na zama baƙo a ƙasar da aka haife ni. Dokar lokacin ta hana baƙo mallakar fili ko gida a ƙasa, sai dai sashe a bene, shi ma daga hawa na huɗu zuwa sama. Bayan 'yan shekaru aka sassauta, amma an riga an saya. Na san kin san wannan. Ina faɗa ne don ba ni da wanda zan gaya wa.

Yanzu ga maganar da nake ta kewayawa. An sa ranar auren Rushda, watan Oktoba. Yaron kirki ne, a nan aka haife shi, iyayensa mutanen garin Akurana ne, can gida. Ranar da suka zo, uwarsa ta dubi Fazeena tana murmushi ta ce, "To, a ina yaran za su zauna?" Kin san abin da tambayar take nufi. A wurinmu mace ce ke shiga aure da gidanta, miji ya tare a wurinta. Na zaci mun baro wannan al'ada a filin jirgin Kolombo, ashe ta riga mu sauka a nan.

Shekara ashirin da shida ina zaman haya. Abin da na mallaka a duniya shi ne sashen nan da kike ciki. Dole in sayar da shi in kafa wa yarinyar nan wurin zama, ko ɗaki biyu ne. Ba zan samu hutun zuwa ba, don haka ga takardar wakilci, ki kai wa lauyan da sunansa ke jiki, ke za ki sa hannu a madadina. Wani dillali, Mista Abeyratne, zai riƙa kawo masu dubawa. Ya ce baƙi 'yan ƙasar waje sun fi saurin saye.

Ki zauna abinki har a samu mai saye. Bayan nan za mu san abin yi.

Ƙanenki,
Nawfer

Wellawatte
26 ga Maris

Thambi,

Barka da shan ruwa. Ina lafiya. Ka yi wa Rushda murna a madadina, Allah ya sa albarka. Takardar ta iso, na kai wa lauya. Ashe "kada ki damu da komai" yana da shafi na biyu.

Dillalinka yana zuwa kusan kullum, turarensa yana riga shi shigowa. Ya sa na ɓoye keken guragun Maami a bayan kabad, wai yana kashe wa masu saye gwiwa. Kowa ya kawo sai ya ja shi baranda ya ce ya leƙa ta tsakanin benaye biyun can, ga teku. Akwai tekun kam, faɗinsa kamar tafin hannuna. Shekara tara ina shanya a wurin ban san ina zaune a bakin ruwa ba.

Makon jiya ya kawo wani likita mazaunin Ostareliya da matarsa. Matar ta buɗe min kabad, ta buɗe tukunyar kunun buɗa-baki ta shinshina, sannan ta tambayi dillali da Turanci, "Mai aikin za ta tashi kafin mu shigo, ko?" Ta ɗauka ban ji ba. Ni da na shekara ashirin ina ɗinka wa matan ofisoshin jakadanci riguna. Na ce mata, "Mai aikin za ta tashi, Madam, amma famfon banɗaki yana yoyo, shi ba inda za shi." Da suka fita Abeyratne ya dawo yana share gumi ya ce, "Anti, ki taimake ni, in na kawo mutane ki riƙa shiga kicin." Yanzu kicin nake shiga.

Mutum uku sun nuna suna so. Dukansu sun tsaya hira da Hajiani Mazahima a bakin lif, kuma ba wanda ya sake dawowa. Ban tambaye ta abin da suka tattauna ba, azumi nake yi.

Na gaji, Thambi. Ba aikin ba ne, share gida don baƙi su zo su ga inda za su ajiye kujerunsu ne yake cin jiki.

Jezima

Scarborough
23 ga Afrilu

Datha,

Barka da Sallah, da fatan an yi lafiya. Mu ma lafiya.

Abeyratne ya kira ni. Ya ce Hajiani tana tare masu saye tana gaya musu gidan naki ne, wai Umma ta ba ki shi a gaban shaidu, duk wanda ya saya ya sayi rigima. Mutumin da zai sayi gida a ƙasar da ba tasa ba, ba abin da yake tsoro kamar kotu. Kalma ɗaya ta isa ya gudu. Yanzu maganar ta zagaye dillalan unguwar.

Me ya sa ban ji wannan daga bakinki ba? Kin ba ni labarin famfo, kin ba ni labarin tukunyar kunu, kin tsallake wannan. Na koma na sake karanta wasiƙarki, wurin da kika ce ba ki tambaye ta ba. Ba ki tambaya ba ne don kin riga kin sani.

Datha, sunana ne a takardar mallaka. Daga nan na tura kuɗin ta banki, kamar yadda doka ta ce baƙo ya yi, shaidar tana wurin lauya. Umma ba ta da abin da za ta bayar a gidan nan sai tukwanenta. Ni na amince miki har na danƙa miki sa hannuna, ban taɓa zaton zan kwana ina tunanin abin da za ki yi da shi ba. Idan ladan shekara tara kike so, ki fito fili ki faɗa, a yi maganarsa kamar manya.

Nawfer

Scarborough
19 ga Yuni

Datha Jezima,

Wata biyu ke nan ba amsa. Na kira ya fi sau goma, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka. Lafiya kuwa? Abeyratne ya ce yana ganinki, kina buɗe masa ƙofa, kina shiga kicin.

Fazeena ta ga kwafin wasiƙar da na aiko miki, ta ce ko ɗan haya ba a rubuta wa haka. Maganar lada, bakina ne ya fi hankalina sauri. Uwar angon ta sake tambaya a walimar Babbar Sallah, a gaban mutane, na ce mata ana kan hanya. Ban san wace hanya ba.

Ko zagi ne ki rubuto, in dai da hannunki.

Nawfer

Wellawatte
9 ga Yuli

Thambi,

Lafiyata ƙalau. Ba mutuwa na yi ba, fushi na yi, kuma a shekaruna fushi ma a hankali yake tafiya. Tunda kana son ji daga bakina, zauna ka ji.

Shekara biyu da suka wuce, wata Juma'a bayan la'asar, mata biyar suna zaune a ɗakin Maami, har da Hajiani. Sai ta sa hannu ƙarƙashin matashinta ta ciro makulli ta ce, "Ku shaida. Uwata ce ta ba ni gidanmu na Jaffna, ita ma uwarta ta ba ta. Masu bindiga suka ba mu awa biyu mu fice, gidan ya tafi. Allah bai ba ni 'ya mace ba sai da na tsufa, ga ta nan tana matsa min ƙafa. Ɗana ya mayar min da gida, ni kuma na ba Jezima." Na ce, "Maami, don Allah ki bar zancen nan." Ta ce, "Rufe min baki, ke da ko watalappam ba ki iya ba." Matan suka yi dariya, suka shafa fatiha, ta damƙa min makullin a hannu.

Ni ba wawuya ba ce, na san sunan wa ke takarda. Wa yake karɓar wasiƙun ƙungiya in ba ni ba? Amma ka gaya min, wa zai dubi tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu, wadda aka taɓa kora daga gidan uwarta da ƙunshin kaya ɗaya, ya ce mata a nan ma baƙuwa ce? Ni ban iya ba. Kai ma ba ka iya ba. Ga wasiƙar da ka aiko mata shekarar da muka tare, a jakar Alƙur'aninta na same ta. Ni nake karanta mata ita duk lokacin da ta ji lif ya tsaya ta zaci an zo tashinmu. Ka duba layin ƙarshe: "Umma, gidanki ne halak malak, ki yi yadda kika so da shi." Ta yi yadda ta so.

Ba zan yi maka ƙarya ba, lokacin da Hajiani take korar maka masu saye, wani lungu a raina yana jin daɗi. Shekarata sittin da uku, ban taɓa kwana a ɗakin da aka ce nawa ne ba sai wannan. Amma ban sa ta ba. Bayan wasiƙarka ta lada na ƙwanƙwasa mata ƙofa na ce ta daina. Ta ce, "Jezima, ni fa na shafa fatiha, gobe ƙiyama za a tambaye ni." Na ce, "In an tambaye ki, ki turo su wurina." Ta rufe ƙofa da ƙarfi, kwana huɗu ba ta gaishe ni ba.

An samu mai saye. Sunansa Shiyam, mutumin tsibiran Maldib, yana neman wuri kusa da asibiti saboda mahaifiyarsa da ake wanke wa ƙoda. Da na ji haka na fito daga kicin na gaya masa makara ba ta shiga lif ɗin nan. Dillalinka ya kusa suma. Mutumin ya ce, "Na gode, Anti. Ni dai ina so ta rayu a ciki tukuna." Lauya ya sa ranar Alhamis, 22 ga Agusta.

Jezima

Scarborough
29 ga Yuli

Datha,

Alhamdu lillahi da kina lafiya. Ni ban san ko lafiya nake ba.

Na gane rubutuna. Na tuna ma teburin da na zauna na yi shi. Kullum a waya sai ta tambaye ni, "Nawfer, nan ɗin ba za a tashe mu ba, ko?" Na gaji da yi mata bayanin fasfo da hawa na huɗu, sai na rubuta mata abin da zai sa ta yi barci. Ban taɓa kawo wa raina za ta ɗauki maganar kamar yadda matanmu suke ɗaukarta ba. Ni da aka rena a gidan kakata ta wajen uwa, ni da nake sayar da gida yau don in ba 'yata, ni ne na manta inda gida yake bi a wurinmu.

Na tambayi lauya. Ya ce tunda ke 'yar ƙasa ce, mayar da sashen sunanki ba shi da wuya. Na kwana biyu da takardar a aljihu. In na tuna Umma sai in ce a fasa. In na ga Rushda tana duba hotunan labule a wayarta sai in kasa.

Datha, ki ce kada in sayar, wallahi ba zan sayar ba. Zan je in tsaya gaban mutanen Akurana in ce musu ba ni da gida, abin da zai faru ya faru. Kalma ɗaya nake jira. Amma ke za ki faɗe ta, ni na kasa.

Ƙanenki,
Nawfer

Puttalam
27 ga Agusta

Thambi Nawfer,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, gwiwar ma ta iso. Ka duba adireshin da ke sama.

Wasiƙarka ta same ni kwana tara kafin ranar, don haka kada ka ɗora wa gidan waya laifi. Na karanta ta sau uku, na ga ka ɗauko kayan da suka fi ƙarfinka ka aza min a ka. Haka kake tun kana ƙarami a Jaffna, in ka fasa abu sai ka zo ka tsaya kusa da ni ka yi shiru. In na ce kada ka sayar, auren Rushda ya lalace, ni ce. In na yi shiru, ka ce ai ka tambaye ni. Ka iya, Thambi.

Na kwana uku ina juya maganar, sai na ga ashe ba kai ne mai yanke ta ba. Maami ta ba ni gida a gaban shaidu, na karɓi makulli, to nawa ne. Kuma mace mai gida a wurinmu ta san inda gida yake zuwa bayanta. Ni ba ni da 'ya. A jinin Maami mace ɗaya ce ta rage, ita ce Rushda.

Ranar Alhamis na sa hannu. Lauya ya ce in rubuta "a madadin mai gida" a ƙarƙashin sunana, na rubuta don takarda ta samu abin da take so. Na ja Hajiani ta raka ni, tunda ita ce mai tsoron tambayar ƙiyama. A bakin ofishin na ce mata, "Ki shaida, na ba jikar Maami gidana." Ta ce, "Ke dai kin cika taurin kai," ta ɗaga hannu ta shafa fatiha a gefen titi, masu keken haya suna ta yi mana hon.

Saboda haka kada ka ce wa yarinyar nan babanta ne ya saya mata gida. Ka gaya mata daga Jaffna ya taso, daga kakar Maami zuwa uwarta, zuwa gare ta, ya biyo ta hannuna ya iso wurinta. In ka ji kunyar faɗa, ba ta wasiƙar nan ta karanta.

Maganar lada kuwa, ban yafe maka ba tukuna. Ka ba ni lokaci, zan yafe, na gaji da riƙe abubuwa.

An taɓa fitar da ni daga gida cikin awa biyu. Wannan karon mako guda na yi ina ɗaure kayana a tsanake, na share, na sa aka gyara famfon, na bar wa mahaifiyar Shiyam keken guragun, na ja ƙofa da hannuna. Na yi kuka a cikin lif, ba zan ɓoye maka ba, tun daga hawa na biyar har ƙasa. Ya yi min zafi ƙwarai.

Yanzu ina ɗakin baya a gidan Rinoza, 'yar ƙanena marigayi. Iskar gishiri tana shigowa ta taga, keken ɗinkina ya samu kusurwa, itacen Maami yana bakin rijiya. Ɗakin a ƙasa yake, ko taki ɗaya ba a hawa. Jiya na sa mijin Rinoza ya auna min faɗin ƙofar. Shi kuma ni yake kira Maami. Ya ce, "Maami, kabad za ki sa a kawo ne?" Na ce masa i. Makara za ta wuce sarai, ba sai an karkata ta ba.

Ka gaida Fazeena.

Yayarka,
Jezima